Mota Ba Ta Kawo Wuta: Yadda Ake Gano Matsalar Kafin a Sayi Kaya

Gabatarwa

A hutun da ya wuce, kawuna da muke zaune tare a unguwar Hammadu Kafi cikin garin Gombe ya shiga wani hali. Yana da tsohuwar mota 'yar Kwatano wadda yake jigilar fasinja da ita tsakanin Gombe da Kaltungo, kuma da ita yake ciyar da gida. Da safe motar takan tashi lafiya lau, amma da zarar inji ya ɗauki zafi, wajen Kumo ko Billiri, sai ta mutu. Idan ta huta kamar rabin awa, sai ta sake tashi. An canja fulogi, an canja koyil, an canja famfon mai, amma matsala tana nan. Wannan ne ya sa na riƙa bin sa gareji ina tambaya. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda wutar mota take aiki da matakan gano inda ta lalace, tare da kalmomin da masu sana'ar suke amfani da su.

Yadda Wutar Take Aiki

Injin fetur yana buƙatar abubuwa uku kafin ya tashi: mai da aka gauraya da iska, matsi a cikin silinda, da tartsatsin wuta a daidai lokacinsa. Batir yana ba da wuta mai ƙarfin bolt 12 ne kawai, wadda ba za ta iya tsallake ɗan gibin da ke bakin fulogi ba. Aikin koyil shi ne ya ɗaga ƙarfin zuwa bolt 20,000 ko fiye. Koyil kuwa ba ya harba wuta sai an yanke wutar da ke shiga cikinsa farat ɗaya.

Wa ke yanke wutar? A nan ne tsohon tsari da sabo suka rabu. A tsarin da Charles Kettering na Amurka ya ƙirƙiro, wanda motar Cadillac ta fara amfani da shi a 1910, wasu 'yan ƙarafa biyu ne da ake kira kontak suke buɗewa da rufewa a cikin distibuta. Irinsa ne a Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, shi ya sa tsofaffin direbobi ba sa rabuwa da sukudireba da 'yar samfefa. A farkon shekarun 1970 kamfanin Chrysler ya maye gurbin kontak da na'urar lantarki wadda ba ta gogewa. A motocin yanzu, wata sansa da ke kusa da karanshaf ce take gaya wa kwamfutar mota inda fistin yake, ita kuma kwamfutar ta umarci koyil ya harba. Da yawansu ma ba su da distibuta, kowane fulogi da koyil ɗinsa a kansa.

Matakan Bincike

Na farko, a saurara. Idan an murɗa makulli kik bai juya inji ba, ko yana juyawa da ƙyar, a fara duba batir da kawunansa. Cikakken batir yana nuna kusan 12.6 a mita, idan kuma inji yana aiki ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5. Daga nan a duba fiyus da wayar da ta haɗa batir da jikin mota.

Na biyu, idan inji yana juyawa amma bai tashi ba, a raba tsakanin mai da wuta. Sai a kwance fulogi ɗaya, a sa shi a koyil ko wayarsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji, wani ya murɗa makulli. Shuɗin tartsatsi mai ƙara alama ce ta lafiya. Idan ja ne mai rauni, ko babu shi sam, to matsalar ta wuta ce. Kada a riƙe fulogin da hannu, kuma a nisanta da fetur.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, a tambaya: silinda ɗaya ce ta rasa wuta ko duka? Idan ɗaya ce, mota tana tashi amma tana jijjiga a silo, ba ta da ƙarfi a hawa, tana kuma shan mai. Dabarar a nan ba ta cin ko kwabo. A musanya koyil ɗin silindar da ake zargi da na maƙwabciyarta. Idan matsala ta bi koyil, shi ne mai laifi. Idan ta tsaya a wurinta, a musanya fulogi. Idan har yanzu ba ta motsa ba, sai a koma kan nozil ko matsin silinda.

Idan kuwa duka silindoji ne suka rasa wuta a lokaci guda, da wuya a ce koyil huɗu sun mutu rana ɗaya. Sai a nemi abin da suka yi tarayya a kai: fiyus, rile, sansar karanshaf, makulli mai lambar tsaro, sannan kwamfuta a ƙarshe.

Na huɗu, a karanta fulogi. Bakinsa ruwan ƙasa ko ruwan toka yana nufin ƙonewa daidai. Baƙin kunkunniya yana nuna mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Idan ya jiƙe da baƙin mai, ciwon yana cikin inji ne.

Na biyar, a sa kwamfuta. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wani soket na bincike mai suna OBD-II, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Lambar P0301 tana nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai, P0300 tana nufin matsalar tana yawo, P0335 kuma tana nuni ga layin sansar karanshaf. Sai dai lambar unguwa take nunawa, ba gida ba. Wayar da ɓera ya ci ko soket mai tsatsa za su iya kawo lamba iri ɗaya da matacciyar sansa.

Motar kawu a nan ta faɗo. Wani mai gyaran wutar mota ya bar ta tana aiki har ta yi zafi ta mutu, nan take ya gwada, babu tartsatsi ko a silinda ɗaya. Siririyar wayar da ke cikin sansar karanshaf ce take rabuwa idan ta ji zafi, ta sake haɗuwa idan ta huce. Kuɗin sansar bai kai na kayan da aka riga aka saya a banza ba. Da na ce, "Kawu, da tun farko aka yi wannan gwajin fa?" sai ya yi murmushi ya ce, rashin sani ya fi dare duhu.

Abubuwan Kiyayewa

A daina cire kan batir inji yana aiki don gwada caji, domin hakan yana iya ƙona kwamfuta. A guji feshe inji da ruwa mai ƙarfi a wurin wanki. Idan fitilar cek injin tana kyaftawa, a tsaya, saboda man da bai ƙone ba yana lalata matatar hayaƙi da ke jikin salansa.

Kammalawa

Ni da na koyi Hausa a unguwa da makaranta, gareji ya zame mini wani ajin. Fulogi, koyil da fiyus kalmomin aro ne da suka bi tsarin furucin Hausa. Wasu kuma siffantawa ce: kwamfutar mota ana ce mata ƙwaƙwalwa, matatar hayaƙi kuma indomi, saboda cikinta ya yi kama da taliyar. Da yawa daga cikin waɗannan kalmomi a bakin makanikai kawai suke. Ina kira ga 'yan uwana ɗalibai masu neman batun kundin digiri da su ɗauki biro da takarda su leƙa garejin unguwarsu.