Alhaji Imam a Unguwar Briqueterie: Labarin da Kunne Ya Riga Ido Ji

A unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde, inda Hausawa suka daɗe da kafa zango, yaro yakan tashi da harsuna uku. Hausa ce ta gida da ta bakin tukubar tsire, Larabci na makarantar allo, Faransanci kuwa shi ne na boko. Wannan rabo shi ke yanke hukunci a kan irin littafin almarar da zai faɗo hannunsa, da kuma yadda zai karɓe shi.

Hausa ba ta rasa irin waɗannan littattafai ba. A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, aka buga su a 1934. Daga baya Magana Jari Ce ya biyo, da akunsa mai iya zance. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda aka ɗauki yaro Kilba zuwa sararin samaniya. A Kano da Katsina da Sakkwato makaranta ce ta ɗora waɗannan littattafai a hannun yara, domin suna cikin manhajar koyar da Hausa. A Yawunde babu wannan tsani.

Wannan shi ne dalili na farko da ya sa littattafan ba sa isa hannun yaran Briqueterie. Harsunan hukuma a Kamaru su ne Faransanci da Ingilishi. Dokar ilimi ta 1998 ta ambaci raya harsunan ƙasa, amma ƙasar tana da harsuna fiye da 200, kuma Hausa ba ta da rinjayen da take da shi a Najeriya ko Nijar. Yaron da ya iya Hausa kamar ruwa sai ka ga ya yi tuntuɓe da ƙ da ɗ da ɓ a takarda, ya kuma karanta u da c da lafazin Faransanci.

Na biyu shi ne kasuwa. Tun daga shekarun 1980 littattafan soyayya suka mamaye rubutun Hausa a Kano, matasa da matan aure su ne masu saye, marubutan yara suka yi ƙaranci. Fataken da ke kawo shadda da atamfa daga arewa kuwa abin da zai fita da wuri suke ɗaukowa. Na uku ita ce wayar hannu: labarin Alhaji Imam da Malam Zurƙe na cikin Ruwan Bagaja yanzu ana iya sauraronsa a YouTube ba tare da an buɗe shafi ba.

Abin da wannan ya haifar yana da fuska biyu. Sauraro ya dace da waɗannan labarai, domin daga tatsuniya da hirar dare suka tsiro. Yaron da ya ji yadda Alhaji Imam da Zurƙe ke yi wa juna ƙeta zai yi dariyar da ɗan Zariya ya yi shekaru tamanin baya, ya kuma tsinci karin magana da kalmomin da suka fara ɓacewa a Hausar birni. Aljanu da rauhanai ba baƙinsa ba ne, ya ji su a bakin kakarsa.

Asarar tana wajen ido. In zai karanta labarin al'ajabi da kansa, da Faransanci zai karanta, ko Harry Potter da aka fassara tun 1998, ko littattafan zane. A hankali sai ya ɗauka Hausa ta hira ce kawai, Faransanci shi ne na rubutu. Mai wannan zato kuwa, ko da Allah ya ba shi baiwar ƙirƙira, ba da Hausa zai rubuta nasa littafin ba.

Gyaran bai kai girman matsalar ba. Wanda ya riga ya iya baƙaƙen boko, 'yan makonni sun ishe shi koyon karatun Hausa. Islamiyyun unguwar da ƙungiyoyin matasanta suna da ɗakuna da malamai. Abin da ya rage shi ne akwatin littattafai daga Zariya, da sa'a guda a mako da za a karanta wa yara shafi ɗaya da ƙarfi, a tsaya daidai inda labari ya yi daɗi, a miƙa musu littafin su ƙarasa.