Buhun shinkafar kamfani ba ya goge hakkin ma'aikaci

A ranar 23 ga Afrilu, 2013, aka ga bango ya tsattsage a wani bene mai hawa takwas da ake kira Rana Plaza, a garin Savar da ke wajen Dhaka, babban birnin Bangaladash. Injiniyan da aka kira ya duba ya ce zama cikin ginin haɗari ne. Wani banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, kowa ya kama gabansa. Amma a sama akwai masana'antun ɗinka tufafi guda biyar, kuma da gari ya waye aka tasa masu ɗinki a gaba aka ce su koma bakin keke, har da barazanar riƙe musu albashin wata. Dab da ƙarfe tara na safe aka ɗauke wuta, aka tayar da manyan janaretocin da aka girke a saman ginin, girgizarsu ta ƙarasa abin da tsagewar ta fara. Mutum 1,134 suka rasu, kimanin 2,500 suka jikkata, akasarinsu mata masu ƙananan shekaru. Daga baya ta tabbata cewa ana yi wa kamfanoni irin su Primark da Benetton da Joe Fresh ɗinki a wurin.

Abin lura shi ne, manyan kamfanonin tufafi na wancan lokaci ba su rasa kyawawan takardu ba. Suna da ƙa'idojin ɗa'a a rubuce, suna buga rahoton shekara cike da hotunan makarantun da suka tallafa wa. Biyu daga masana'antun da ke cikin Rana Plaza ma masu bincike sun ziyarce su a ƙarƙashin wani tsarin sa ido na 'yan kasuwar Turai, sai dai binciken bai haɗa da duba ƙarfin ginin ba. Watanni bakwai kafin nan, a Satumbar 2012, gobara ta kashe sama da mutum 250 a masana'antar Ali Enterprises da ke Karachi, makonni kaɗan bayan an ba ta takardar shaidar cika sharuɗɗan kare ma'aikata. Don haka idan ana maganar nauyin da ke kan kamfani game da al'umma, ba a wajen kyautar da ya raba gizo ke saƙar ba. Ana auna kamfani ne da yadda ya samo ribar tun farko: nawa ya biya ma'aikaci, a wane irin gini ya zaunar da shi, ina ya zubar da dagwalonsa, kuma wa ke da ikon kai shi gaban alƙali idan ya saɓa. Kyauta ganin dama ce, yau a ba ka gobe a hana ka. Hakki kuwa bashi ne. Kowa ya san hukuncin da jama'a ke yi wa attajirin da ke rabon kayan azumi a ƙofar gida alhali leburorinsa na bin sa ladan wata uku, kuma babu dalilin sassauta wa kamfani wannan hukunci don kawai yana da tambari da ofis.

Wani zai ce ai kamfanonin ba su suka mallaki masana'antun ba, oda kawai suka bayar, laifin na mai gini ne da hukumomin da suka kau da kai aka ƙara hawa ba bisa ƙa'ida ba. Laifinsu tabbas ne, kuma an kama mai ginin, Sohel Rana, kwana huɗu bayan rushewar yana shirin tsallakawa Indiya. Amma wa ya yanka farashin? Mafi ƙarancin albashin mai ɗinki a lokacin taka 3,000 ne a wata, wajen dala 38. Mai saye daga Landan ko Milan shi ke tsayar da kuɗin riga da ranar da zai karɓi kaya, in aka makara ya soke oda ko ya zabtare kuɗi. Mai masana'antar da aka matse haka ba zai yarda keke ya kwana ɗaya a tsaye ba, ko da bango na tsagewa a kan idonsa. Wanda ya ci moriyar arhar ba zai ce babu ruwansa da abin da ya jawo ta ba.

Hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce ta masu cewa a bi a hankali, domin sana'ar ɗinki ce ke ciyar da ma'aikata kusan miliyan 4 a Bangaladash, ita ce kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da ƙasar ke fitarwa waje. In aka kori masu saye, talakan da ake son karewa shi zai fara kwana da yunwa. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ƙungiyoyin ƙwadagon ƙasar ba ƙaurace wa kayansu suka nema ba. Abin da aka yi a watan Mayun 2013 shi ne yarjejeniya kan kariya daga gobara da ingancin gine-gine, wadda kamfanoni sama da 200 suka sa wa hannu tare da ƙungiyoyin ma'aikata, ta shafi masana'antu fiye da 1,600. Bambancinta da takardun baya shi ne tana da haƙora. Injiniyoyi masu zaman kansu ke dubawa, ana wallafa sakamakon kowa ya gani, ma'aikaci na da ikon ƙin shiga ginin da ke da haɗari, kuma ana iya gurfanar da kamfanin da ya karya alkawari. A 2018 wani kamfani ya amince ya biya dala miliyan 2.3 bayan ƙungiyoyin ƙwadago sun kai ƙararsa. Aka cire ƙofofin ƙarfe masu kwaɗo daga hanyoyin fita, aka sa ƙofofin tare wuta, aka gyara wayoyin lantarki, kasuwar kuma ba ta mutu ba, ƙaruwa ma ta yi. Kwatanta wannan da asusun diyyar waɗanda rushewar Rana Plaza ta shafa, wanda aka bar wa kowane kamfani ya ba da abin da ya ga dama: sai a Yunin 2015 aka iya haɗa dala miliyan 30 da ake bukata, bayan marayu da naƙasassu sun shafe shekara biyu suna jira.

Akwai kuma masu bin ra'ayin masanin tattalin arzikin nan na Amurka, Milton Friedman, wanda ya rubuta a 1970 cewa aikin kamfani neman riba ne a cikin iyakar doka, sauran kuwa na gwamnati ne. Ko a kan ma'auninsu, maganar ta dawo kan doka, kuma can duniya ta nufa. Faransa ta kafa doka a 2017 da ta wajabta wa manyan kamfanoninta sa ido kan masu yi musu aiki a ƙasashen waje. Indiya ta bi wata hanya a 2013, ta tilasta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na ribarsu kan ayyukan al'umma. A ganina ta Faransa ta fi kama bakin zaren, domin ta Indiya ta tsaya kan yadda za a kashe ribar, ba ta tambayi yadda aka same ta ba.

Mutanen Kano ba baƙin wannan magana ba ne. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara 200 a garin lokacin annobar sanƙarau a 1996 bai kai ga sulhun dala miliyan 75 ba sai a 2009, bayan an sha shari'a, kamfanin kuma bai amsa laifi ba. Saboda haka duk garin da kamfanin siminti ko na haƙar ma'adinai ko na jima ya zo da tayin rijiyar burtsatse, a karɓa, ruwa ba abin ƙi ba ne. Amma dagaci da masu unguwa da ƙungiyar matasa kada su bari a tashi taron sai an rubuta, an sa hannu gaban lauya, inda za a zubar da gurɓataccen ruwa, diyyar gonakin da za a taɓa, da kotun da za a je idan aka saɓa.