Yajin da ba ya tsintuwa

Duk wadda ta taɓa daka yaji ta san aikin gaba kawai yake yi. A zuba barkono da citta da kanumfari da masoro da ƙuli-ƙuli a turmi, a daka, a tankaɗe, kafin la'asar an gama. To, a ce mata ta ware citta gefe, barkono gefe. Dariya za ta yi.

Lambobi ma haka suke. Akwai tsantsa, irin su 2, 3, 7 da 641, waɗanda ba abin da ke raba su daidai sai 1 da su kansu. Sauran duk haɗi ne: 15 ita ce 3 sau 5. Kuma kowace haɗaɗɗiyar lamba, komai girmanta, kayan haɗinta ɗaya ne tak, ba a samun ta ta wata hanya. Ninkawa ko ɗan firamare zai yi. Warwarewa ce jan aiki.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗanɗano. Tsohuwa za ta dangwali garin a tafin hannu, ta lasa, ta ce wannan ba zallar barkono ba ne, an sa wani abu, ko da ta kasa faɗin mene ne. Masana lissafi suna da irin wannan harshe tun zamanin Fermat, Bafaranshen ƙarni na 17. Ɗauki 7. Jera 2 har guda shida, wato 7 a cire ɗaya, ka ninka su, ka samu 64; raba da 7, saura 1. Duk lamba tsantsa da ta wuce 2 haka take yi. Yanzu gwada 15: ninka 2 guda goma sha huɗu ya ba da 16,384, a raba da 15, saura 4. Asiri ya tonu, haɗi ce. Amma wannan 4 ɗin bai ce uffan a kan 3 ko 5 ba. Wani lokacin ma harshen kan ruɗu, domin 341 tana tsallake wannan gwaji sumul, alhali 11 sau 31 ce.

A 1644 Marin Mersenne ya ce idan aka ninka 2 guda 67 aka cire 1, lamba tsantsa za a samu. A 1876 Édouard Lucas ya yi nasa gwajin, ya nuna haɗi ce, bai kuwa san kayanta ba. Sai a 1903, a wani taron masana lissafi a New York, Frank Nelson Cole ya tashi ya nufi allo. An ruwaito cewa bai furta ko kalma ɗaya ba. Ya lissafa lambar mai alƙaluma 21 a gefe guda, ya koma ɗaya gefen ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287 da alli, amsa ta zo daidai, ya koma ya zauna. Daga baya ya ce Lahadin shekara uku ya ƙarar a kan nemo su.

Wannan tazara tsakanin ninkawa da warwarewa ce ta zama makulli. A 1977 Rivest da Shamir da Adleman suka gina tsarin ɓoye saƙo na RSA a kanta: a daka manyan lambobi tsantsa biyu, a baza garin kowa ya gani, kayan haɗin kuwa mai shi kaɗai ya sani. Mujallar Scientific American ta buga wata lamba mai alƙaluma 129 da ladan dala 100 ga wanda ya warware ta. Sai a 1994 aka iya, bayan mutum kusan 600 sun haɗa kwamfutocinsu ta intanet wata takwas. A 2020 an fasa mai alƙaluma 250. Waɗanda bankuna da shafukan intanet da dama ke kulle saƙonninsu da su a yau alƙaluma 617 gare su.