Fitilar Birki Ta Kama: Kada Ku Cire Ƙwanta

'Yan'uwa manoma, da kaka ta yi sai a ga manyan motoci suna shiga birnin Katsina ta Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga, ɗauke da gero da dawa da wake. Waɗansu kuwa suna wucewa Jibiya har Maraɗi. Sau da yawa masu kayan suna zaune bisa buhunansu. Saboda haka lafiyar birkin motar nan ta shafi manomi kamar yadda ta shafi direba.

Yawancin gingimarin da ake shigowa da su daga Turai suna da wata ƙaramar fitila ruwan ɗorawa a gaban direba, mai haruffa ABS. In ta kama ta ƙi mutuwa, waɗansu direbobi sukan rufe ta da tef, ko su sa a cire ƙwanta. Wannan kamar mutum ne ya toshe kunne don kada ya ji kukan ɗansa.

Mene ne aikin ABS?

In direba ya taka birki da ƙarfi bisa jiƙaƙƙiyar kwalta, taya takan daina juyawa, ta yi ta sulɓi. Sa'an nan sitiyari ba shi da amfani, mota ta nufi inda ta ga dama. Aikin ABS shi ne ya hana taya kullewa. A jikin cibiyar taya akwai zobe mai haƙora, kusa da shi kuma akwai ɗan ƙarfe mai waya, wanda makanikai ke kira sansa. Shi ke ƙirga juyin tayar, yana aika wa ƙwaƙwalwar motar labari. Da taya ta tasam ma kullewa, sai ƙwaƙwalwar ta saki birkinta ta sake kamawa, sau da dama cikin daƙiƙa ɗaya. Kamfanin Mercedes-Benz na Jamus ya fara sa shi a ƙananan motoci a 1978, a manyan motoci kuwa a 1981.

Yadda za a karanta fitilar

In an murɗa makulli, fitilar takan kama na ɗan lokaci ta mutu. Wannan daidai ne, motar tana gwada kanta. A waɗansu motoci sai an fara tafiya kaɗan take mutuwa. In ta zauna a kunne, to ABS ya daina aiki, ko duka ko a wata taya. Birki na kullum yana nan, amma taimakon nan na ranar hatsari ya tafi. In kuwa ba ta kama ko kaɗan sa'ad da aka murɗa makulli, ko ƙwanta ya ƙone, ko wani ya cire shi. Mai sayen mota ya lura da wannan.

Jar fitilar birki dabam take. Ita tana nufin iska ta ragu a tanki, ko man birki ya yi ƙasa. In ta kama, tilas a tsaya nan take.

A fara da abu mai araha

Na ɗaya, a duba fis da kan batir. Batir mai rauni ko wayar da ta yi tsatsa suna iya kunna fitilar.

Na biyu, in tirela ce, a duba wayar ABS da ta haɗa kan mota da bodi. Takan kwance, ko ƙura ta cika bakinta.

Na uku, a bi wayar kowane sansa da hannu. A hanyoyin ƙauye kututture da duwatsu sukan tsinke ta, ɓera kuma yakan ci ta in mota ta kwana kusa da rumbu.

Na huɗu, a cire taya a duba zoben nan mai haƙora. Ƙurar hunturu da lakar damina da giris sukan cika tsakanin haƙoran. A wanke shi. A manyan motoci, in sansa ya ja baya, ana tura shi a hankali har ya taɓa zoben, shi zai daidaita kansa in taya ta juya.

Na biyar, a girgiza tayar. In boris ya yi lako-lako, zoben zai riƙa nisa da sansa. Wannan babban gargaɗi ne, gama boris da ya lalace yana iya sa taya ta fita ana cikin gudu. Tayoyi masu girma dabam dabam su ma sukan rikita ƙwaƙwalwar.

In duk waɗannan lafiya suke, sai a kai motar wurin mai gyaran wutar mota wanda ke da na'urar karanta laifi. Ita za ta nuna tayar da ke da matsala. Kada a yarda a sayi sabuwar ƙwaƙwalwa tun ba a yi wannan ba, domin ita ta fi tsada, ita kuma ta fi wuyar lalacewa.

Abin da ya rage gare mu

Ƙungiyar manoma ta ekklisiya in za ta ɗauki hayar mota, shugabanta ya roƙi direba ya murɗa makulli a gabansa, ya ga fitilar ta kama ta mutu. Ba raini ba ne, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Muna addu'a kafin tafiya, haka ya kamata. Amma Ubangiji da ya ba mu rai amana, shi ya ba mu hankalin kiyaye shi. Allah ya kai kowa gida lafiya.