Hawa bisa: abin da maginan Agadas suka sani game da tsoro

Duk matafiyin da ya doshi Agadas, ko daga Tawa ya fito ko daga Damagaram, abin da idonsa ke fara hangowa shi ne hasumiyar babban masallaci. Tsawonta mita 27 ne, kuma da ƙasa zalla aka gina ta. Tarihin gari yana danganta gininta ga Shehu Zakariyya, wajen shekarar 1515, zamanin da Askiya Muhammadu na Songai ya ci garin. An sake gina ta a 1844, shekara shida kafin Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdul Karim, ya sauka Agadas ya gan ta da idonsa. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin kayan gado na duniya.

Ginin ƙasa kuwa kullum yana bukatar hannu. Ruwan Abzin bai da yawa, amma in ya zo da ƙarfi yake zuwa, ga iska mai ɗauke da rairayi. Dole ne lokaci-lokaci a sake wa hasumiyar yaɓe tun daga gindi har ƙoli. Itatuwan nan da suka fito daga jikinta ta kowane gefe, waɗanda baƙo ke ɗauka ado ne, aiki biyu suke yi: suna ɗaure ginin, sa'annan su ne matakalar magina. Bisansu mutum ke tsayawa, hannu ɗaya riƙe da icce, ɗayan yana shafa ƙasa, bayansa kuwa babu kome sai sarari.

Baƙon da ya bi matsattsiyar matakalar ciki ya leƙo daga sama, sau da yawa gwiwoyinsa kan ɗauki rawa, tafin hannunsa ya jiƙe da zufa. Daga nan sai ya yanke hukunci cewa magina ba su da tsoro, ko kuma sun sha wani abu. Maganar tana da daɗin faɗi a majalisa, amma akwai kuskure cikinta, kuma kuskuren yana cin rayuka a wuraren da ke nesa da Agadas.

Tun yana rarrafe ɗan Adam ke da tsoron

A 1960, masana biyu na jami'ar Cornell ta Amurka, Eleanor Gibson da Richard Walk, suka yi wani gwaji da ya yi suna. Suka shimfiɗa gilashi mai kauri bisa tebur: rabinsa da daɓe a manne ƙarƙashi, ɗaya rabin kuwa ana hango ƙasa can nesa, tamkar bakin rami. Suka ajiye jarirai 36 masu rarrafe a tsakiya, uwayensu na kiransu daga ɗaya gefen. Cikin 27 da suka motsa, 3 kaɗai suka yarda suka bi ta bisa ramin. Ƴan awaki da ƴan tumaki na kwana ɗaya da haihuwa su ma suka ƙi. Ba wanda ya koya musu. Makiyayi ba zai yi mamakin wannan ba.

Juwar da ke kama mutum a bisa ita ma tana da dalili. Jiki yana tsayuwa daidai ne da taimakon abu uku: ido, da cikin kunne, da tafin ƙafa. Ko a tsaye cik mutum yake, yana ɗan tangaɗi kaɗan-kaɗan, ido kuma yana gyara shi ta hanyar auna abubuwan da ke kusa, kamar bango ko icce. In aka hau bisa, abin da ido ke gani ya yi nisa, ba ya iya awon. Kunne da ƙafa suna cewa ana motsi, ido yana cewa ba a yi. Wannan saɓani ne ke kawo juwa, tangaɗin kuma ya ƙaru. Shi ya sa wanda juwa ta kama, in ya zauna, ko ya dafa wani abu, ko ya kafa ido bisa abin da ke kusa da shi, nan da nan yakan ji sauƙi. Wani bincike da aka buga a Jamus a 2013 ya gano cewa kusan mutum 28 cikin 100 suna jin irin wannan damuwa in sun hau wuri mai tsawo. Ke nan ba abin kunya ba ne.

Lissafi ma yana bayan mai tsoro. Wanda ya suɓuce daga ƙolin hasumiyar Agadas zai iso ƙasa cikin daƙiƙa biyu da ƴan kai, da gudun da ya zarce kilomita 80 a awa. Daga mita 10 kawai, wato kamar rufin bene mai hawa uku, gudun kilomita 50 ne a awa. Daidai yake da mota ta kwashi mutum a tsakiyar titi.

Masu hawa don bukata

Magini Bahaushe ba ya farawa daga sama. Sana'ar gado ce galibi. Yaro yakan fara da ɗebo ruwa da kwaɓa ƙasa, sa'annan ya koyi jefa tubali ga wanda ke zaune bisa katanga, daga baya a bar shi ya hau gajeren gini, sai soro. Kafin ya kai ga dogon gini ya shekara da shekaru, idonsa ya saba, ƙafarsa ta san iccen da zai ɗauke ta da wanda gara ta cinye. Tsoron bai tafi ko'ina ba, ya dai koma ƙa'ida: a taɓa kafin a taka, kada a saki riƙo sai an sami wani, kada a yi gaggawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Haka abin yake a dutsen Bagazam, arewa maso gabas da Agadas, wanda sunansa ya bi dawakin nan da sarakunan Hausa ke alfahari da su. A can ne ƙolin Idukal-n-Tages yake, mai mita 2,022, wuri mafi tsawo a ƙasar Nijar. Bisa dutsen akwai ƙauyuka da garake. Shekaru aru-aru mutanen wurin suna sauko da amfanin garakensu, suna hawa da hatsi da shayi da sukari, a ƙafa ko bisa jakuna, ta ƴan hanyoyi masu bin gefen kwazazzabo. Ba su ɗauki wannan jaruntaka ba. Hanyar gida ce.

A ƙasar Mali kuwa, gaɓar dutsen Bandiyagara ta miƙe wajen kilomita 150, a wasu wurare tsawonta ya kai ɗaruruwan mita. Tun ƙarni na 11 mutanen da ake kira Tellem suka yi rumbuna da makabartu cikin kogunan da ke tsakiyar gaɓar. Dogon da suka gaje su suna hawa da igiyar ɓawon kuka, su kai mamatansu can, su kuma kwaso kashin tantabaru don takin gona. Igiyar da rai ke rataye da ita ba a saƙa ta da wasa.

Ko a ƙasar Hausa an san hawan nuna bajinta. A Kwatarkwashi, kusa da Gusau, a da samari sukan hau dutsen garin shekara-shekara don kamun maiki, wanda ya sauko da tsuntsun kuma ya yi suna. Amma abin yana da lokacinsa, yana da manyan da ke tsaye kansa. Ba kowane yaro ne ke tashi ya hau ranar da ya ga dama ba.

Masu hawa don sha'awa

Turawa sun mai da hawan dutse wasa. A 1987 Bafaransar nan Catherine Destivelle ta hau gaɓar Bandiyagara ba tare da igiya ba, aka ɗauki sinima, duniya ta gani. Ranar 3 ga Yuni 2017, Ba'amurke Alex Honnold ya hau dutsen El Capitan na Kalifoniya, bango miƙaƙƙe na wajen mita 900, da hannu da ƙafa kawai, cikin awa 3 da minti 56. Shekara ɗaya kafin nan an duba ƙwaƙwalwarsa da na'ura, aka ga ɗan gurbin da ke tada tsoro ba ya motsawa da sauri kamar na sauran mutane. Wannan labari ne ya fi yawo. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne ya yi fiye da shekara yana bin hanyar nan da igiya, yana maimaita wurare masu wuya har ya haddace inda kowane yatsa zai sauka. Ranar da ya fara gwadawa, a ƙarshen 2016, da ya ji jikinsa bai ba shi ba sai ya sauko. Ashe shi ma da tsarin maginan Agadas ya yi aiki.

Inda babu wannan tsari, sakamakon daban ne. A lardin Malaga na Ispaniya akwai wata hanya da ake kira Caminito del Rey, faɗinta kamar mita ɗaya, manne a jikin dutse, mita 100 bisa kogi. An gina ta tsakanin 1901 da 1905 don ma'aikatan wutar lantarki. Da ta tsufa, daɓenta ya zube, makarinta ya karye, sai ta zama wurin da matasa ke zuwa gwajin zuciya. Mutum biyar suka mutu a 1999 da 2000, hukuma ta rufe ta. A 2015 aka sake buɗe ta bayan an yi sabon daɓe da makari, aka wajabta hular kwano, aka ƙayyade yawan masu shiga kowace rana. Tsawon bai ragu da ko taƙi ɗaya ba, masu bi har yanzu cikinsu na ɗurar ruwa, amma suna komawa gida.

Benayen Yamai

A Yamai babu gaɓar dutse irin ta Bandiyagara. Akwai benaye. Garin da a da ake nuna gidan El Nasr da yatsa, yau ya cika da dogayen gine-gine, musamman tun shirye-shiryen taron ƙolin Tarayyar Afirka na watan Yuli 2019. Ɗan kasuwar da Allah ya buɗa wa yana son hawa biyu ko uku, shaguna a ƙasa, haya a bisa. Ma'aikacin da ya sami fili shi ma yana tunanin ƙara hawa. Ban da magina, ga masu fenti, ga masu ɗora farantin parabol da allunan hasken rana, ga masu hawa turakun lantarki da dogayen ƙarafan salula.

Mai wucewa ya ɗaga kai zai ga yadda ake yawancin aikin: sanduna ɗaure da waya, katako ɗaya ko biyu a gicciye, saurayi da silifa yana tafe bisansu ɗauke da bokitin siminti, babu ɗamara, babu makari, babu hula. Da yawa cikinsu ƴan cin rani ne da suka zo bayan girbi. Ba su gaji gini ba, ba su bi matakan nan na yaron magini ba. Jiya suna gona, yau suna hawa na huɗu. In ɗaya ya ce juwa na ɗibarsa, abokai su yi masa dariya, mai aiki kuma ya nuna masa wasu goma da ke jira a bakin ƙofa. Sai ya haɗiye tsoronsa ya hau. Abin da Allah ya ba shi don ya tsare shi, shi aka tilasta masa ya yar.

Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa mutum 684,000 ke mutuwa kowace shekara sanadin faɗuwa iri-iri. Cikin haɗurran da ke kisa, na hanya kaɗai ya fi wannan, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na mamatan a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suke. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare rai da lafiyar ma'aikatansa. Asusun CNSS yana biyan haƙƙin haɗarin aiki, amma ga wanda aka rubuta sunansa. Leburan da ake sallama da yamma ba ya cikin kowane littafi. In ya faɗo ya karya baya, sai a yi karo-karo a sa shi mota a mai da shi ƙauye, uwarsa ta yi jinya, matarsa ta shiga surfe.

In abu ya faru akan ce ƙaddara ce, kuma babu mai musun ƙaddara. Amma kuɗin ɗamara da igiya da hula da ƙarin katako bai kai na ƙofar ƙarfe ɗaya da ake sa wa gidan ba. Mai gini yana iya sa wannan sharaɗi cikin yarjejeniyarsa da ɗan kwangila tun kafin a haƙa tushe. Jami'in da ke sa hannu bisa izinin gini, da mai binciken aiki, suna da ikon tambaya. Babban magini kuma ya san cewa sabon yaro ƙasa ya kamata ya fara, kuma wanda ya ce kansa na juyawa a bar shi ya sauko ba tare da gori ba, a ba shi aikin kwaɓa.

Waɗanda suka gina hasumiyar Agadas ba su da ƙarfe, ba su da siminti. Duk da haka, tun suna ɗora ƙasa bisa ƙasa suka tuna da mutumin da zai hau bayansu, suka bar masa wurin sa ƙafa a jikin ginin. Masu benayen Yamai suna da abin da waɗancan ba su da shi. Saura su tuna da mai hawa.