Hoton Shaho: Yadda Ake Ɗauka da Yadda Ake Dubawa

Idan ka taɓa zama a tsakar gida da hantsi, ka ji kaza ta yi wani irin kuka, 'yan tsakinta kuma suka ruga ƙarƙashin fikafikanta, to, ka san akwai mafarauci a sama. Hausawa sun bambanta waɗannan mafarauta. Wadda take shawagi a kan gari, mai launin ƙasa-ƙasa da jela mai baki biyu, ita ce shirwa. Ibo suna kiranta egbe, Yarbawa kuma suna ce mata awodi. Shaho kuwa suna ne na waɗansu tsuntsaye masu kaifin farata da lanƙwasasshen baki, waɗanda sukan laɓe a reshe su jira, sa'an nan su kawo sura kamar walƙiya.

Duk wanda ya gwada ɗaukar hotonsu da wayar hannu ya san abin da yakan samu: farin sama fetal, da wani ɗan baƙin ɗigo a tsakiya. Mutum yakan ɗora laifin a kan waya, ya ce da yana da babbar kyamara da ya yi abin kirki. Akwai gaskiya a maganarsa, amma kaɗan ce. Idon shaho ya fi naka gani nesa ba kusa ba, saboda haka kafin ka hango shi ya riga ya hango ka. Aikinka na farko shi ne ka san halinsa, har ya yarda ya zauna kana nan.

Ba sai ka yi doguwar tafiya ba. Masu nazarin tsuntsaye sukan je Yankari a Jihar Bauchi, ko fadamun Haɗeja da Nguru, ko dajin Amurum kusa da Jos, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take. Amma kai ka fara da bayan makarantarku. A kudancin Nijeriya shirwa takan yawaita da rani, in damina ta kama sai mafi yawansu su yi arewa. Za ka same ta a kwata, wato inda ake yanka dabbobi, da kuma duk inda aka sa wa daji wuta, domin tana cin fara da sauran ƙwarin da wuta ta koro. Akwai kuma wani ƙaramin shaho mai ruwan toka da jajayen ƙafafu, wanda yake da baƙin layi a tsakiyar farin maƙogwaronsa. Yakan daɗe zaune a kan falwaya ko busasshen reshe yana jiran ƙadangare. Da shi ya kamata ɗan koyo ya fara, don ya fi sauran haƙuri da mutane.

In ka same shi, kada ka nufe shi kai tsaye, kada kuma ka zuba masa ido. Ka riƙa tafiya a karkace kamar mai wucewa, ka yi taku kaɗan ka tsaya. Jikinsa zai gaya maka ko ka matso da yawa. Shahon da hankalinsa yake kwance yakan saki gashinsa ya yi buzu-buzu, ya ɗage ƙafa ɗaya, ko ya shiga gyaran fiffike da baki. Wanda ya tsorata kuwa gashinsa yakan lafe a jiki, ya miƙe wuya, ya kafe ka da ido. Da ka ga haka, ka tsaya cik, ko ka ja da baya. Sau da yawa tsuntsun yakan yi kashi, ya ɗan sunkuya, kafin ya tashi, kuma yakan tashi ne yana fuskantar iska. Wanda ya san wannan yakan tsaya iska tana bayansa, don tsuntsun ya taso ta wajensa, maimakon ya ba shi jela.

Rana ma a bayanka ake so ta kasance. Hasken safe da na la'asar sakaliya su ne mafi kyau, domin suna zuwa daga gefe, suna shiga idon tsuntsu da ƙirjinsa. Da tsakar rana haske daga bisa yake faɗowa, ƙashin girar shaho kuwa ya turo gaba, sai idon ya faɗa cikin inuwa. Hazon hunturu yana tausasa haske, amma yana kashe launi, ƙurarsa kuma tana ɓata gilashin kyamara.

Game da na'ura, abu biyu sun ishe ka a yanzu. Masu wannan sana'a sukan yi amfani da dogon gilashi mai jawo nesa kusa, na milimita 300 ko 400 ko fiye. Sa'an nan kyamara tana da ido mai ƙiftawa, kuma in tsuntsu yana cikin tashi, dole ƙiftawar ta zama kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa ko ta fi haka sauri, in ba haka ba fikafikan su fito dishi-dishi. In waya kaɗai gare ka, kana iya ɗora idonta a kan tabaran hangen nesa, ka jingina hannunka da bango ko itace don kada ya yi rawa.

Yanzu sai mu zo ga duba hoto, wanda shi ma ilmi ne. A ce malaminku ya ajiye hotuna biyu a kan tebur, ya ce ku zaɓi mafi kyau. A na farko shaho ya cika takarda, kana ganin kowane gashi raɗau, baki a buɗe, ido a zare. A na biyu tsuntsun bai kai haka girma ba, yana zaune a reshen kuka da ƙafa ɗaya, yana kallon gefe. Mafi yawan 'yan aji za su ɗauki na farko. Kafin ka bi su, ka duba a tsanake.

Ka fara da ido. In idon ya fito tar, da ɗan ɗigon haske a cikinsa, tsuntsun yakan zama kamar mai rai. In ido ya yi dishi-dishi, kyan fiffike ba zai ceci hoton ba. Wani lokaci za ka ga idon ya yi fari-fari kamar mai yana. Wannan ba ciwo ba ne: tsuntsaye suna da wata siririyar fata da take share ido daga gefe zuwa gefe, kyamara ce ta kama ta a rufe. Daga nan ka duba gefunan hoton. An yanke jela? An yanke farata? Shaho ba farata, ai an cire masa kayan aikinsa. Ka duba kuma ko an bar fili a gaban bakinsa, wajen da yake kallo, don kada ya zama kamar an tura shi jikin bango. Abin da yake bayansa ma yana da muhimmanci, domin wayar lantarki ko reshen da ya fito kamar ya tsiro daga kansa yakan janye idon mai kallo.

Hoton farko yana iya cin duk wannan jarrabawa, amma saura tambaya ɗaya, wadda a ganina ta fi sauran nauyi: a wane hali tsuntsun yake lokacin da aka ɗauke shi? Buɗaɗɗen baki da fikafikai a sake alama ce ta zafi ko firgita. Jelar da bakinta ya tsattsage tana nuna tsuntsun da ya daɗe a keji. In an ɓoye ƙafafu da gangan, wataƙila akwai igiya a wurin. A waɗansu kasuwanninmu ana sayar da shaho da mikiya da ungulu, masu rai da matattu, don haɗa magani, kuma wannan ciniki yana cikin abubuwan da suke rage su a daji. Wanda ya biya kuɗi aka fito masa da tsuntsu daga keji ya ɗauka, ya ƙarfafa wa mai kamawa gwiwa. Haka nan wanda ya ɗaure ɗan tsako don ya jawo shirwa, ko ya hau itace ya leƙa sheƙa. In uwa ta gudu ta bar ƙwai, rana tana iya gasa su, hankaka kuma ba ya jiran a kira shi.

Idan hoton abokinka ne aka ba ka ka duba, kada ka tsaya a kan "ya yi kyau" ko "bai yi ba", don babu abin da zai koya daga nan. Ka nuna masa wurin da yatsa, ka ce, "Idon ya fito, amma rana tana gabanka, shi ya sa ƙirjin ya yi baƙi." Sa'an nan ka tambaye shi taku nawa ne tsakaninsa da tsuntsun, kuma bayan ya ɗauka, shahon ya ci gaba da zamansa ne ko kuwa tashi ya yi.