Kamin ku sayi gitar bas, ku saurari kunnenta

A wajen biki ko suna, in ƴan orkestir sunka fara kiɗa, akwai wata murya mai kauri da mutum ke ji har cikin ƙirjinsa, ita ce ke tada mata su shiga fili. Wannan muryar gitar bas ce, mai tsirkiya 4. Mun ga ya dace mu yi magana bisa kanta, don yanzu ƴan kasuwarmu da dama suna haɗo kayan kiɗa cikin hajarsu, wasu uwaye mata kuma suna tara kuɗin adashi su saya ma ɗiyansu gita don su samu sana'a. Sau da yawa fenti da ƙyalƙyali ake dubawa, alhali babban abin da ke bambanta murya da murya shi ne ɗan baƙin akwatin da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi. Makaɗa na ce mashi mikoro, mu kuwa muna iya kiransa kunnen gita.

Cikin wannan kunne akwai mayen ƙarfe da anka naɗe da siririyar wayar tagulla, naɗi dubbai. In tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa bisa kansa, sai ya haifar da ƴar wutar lantarki, ta bi waya zuwa ampili, ampili ya ƙara mata ƙarfi. Yadda anka yi naɗin, da wurin da anka dasa kunnen, su ke yanke irin muryar da za ta fito. Kunnen da ke kusa da wuyan gita yana bada sauti mai kauri kamar na ganga. Wanda ke kusa da jaki, inda tsirkiyoyi ke ɗaure, sautinsa siriri ne mai kaifi, ya fi kama da kalangu.

Iri ukku ne sunka fi yawa a kasuwa. Na farko shi ne na Precision Bass, gitar da Leo Fender ya fitar a Kalifoniya ta ƙasar Amurka cikin 1951. A 1957 anka raba kunnenta gida biyu, kowane rabi yana sauraren tsirkiya biyu. Muryarsa cikakka ce, mai nauyi a tsakiya, ba ta ɓacewa ko ganguna sun yi yawa. Da irinta James Jamerson ya kaɗa waƙoƙin kamfanin Motown a shekarun 1960. Makaɗa na kiran wannan kunne P.

Na biyu shi ne na Jazz Bass, da ta fito a 1960. Ita kunnuwa biyu gare ta, sirara dogaye, ɗaya wajen wuya ɗaya wajen jaki, kowane da maɓallinsa. In an buɗe na wuya kaɗai, murya ta yi taushi da zurfi; da wannan gita Aston Barrett ya riƙe ma Bob Marley kiɗan rege. In an buɗe na jaki kaɗai, sai ta yi kaifi tana ɗan gurnani, salon da Jaco Pastorius ya shahara da shi. Wannan kuma J ake ce mashi.

Na ukku shi ne babban kunne mai naɗi biyu a jere, irin na StingRay da kamfanin Music Man ya fitar a 1976. Yana kusa da jaki, kuma cikin gitar akwai ɗan inji mai aiki da pil na volt 9. Sautinsa ƙaƙƙarfa ne, ƙasa da nauyi, sama da ƙara kamar ta ƙarfe, ya dace da mai dukan tsirkiya da babban yatsa.

Wani abu da ya kamata mai saye ya sani shi ne ƙugi. Kunne mai naɗi guda, kamar J, ba tsirkiya kaɗai yake ji ba, yana kwaso ƙugin wutar lantarki da ke kewaye da shi, musamman kusa da ampili, da fitilun neyon, ko inda anka ja wayoyi barkatai daga gurup. A P da babban kunne, naɗi biyun suna juya ma juna baya, don haka ƙugin ɗaya ke kashe na ɗayan. Jazz Bass ma tana yin shiru in an buɗe kunnuwanta biyu daidai wa daida. Ga wanda aikinsa kiɗan biki ne a bakin titi ko tsakar gida, muna ganin P ya fi kwanciyar hankali. Akwai kuma gitoci masu haɗa P da J a jiki guda, masu bada muryoyin biyu.

In kun je saye, kada ku gwada gita ɗaya a wannan ampili, ɗaya a wancan. Ku sa a haɗa su da ampili guda da waya guda, makaɗi guda ya kaɗa abu guda. Ku sa ya dafe tsirkiyoyi da tafin hannu, ku kasa kunne ku ji ko akwai ƙugi. Ku ɗan ƙwanƙwasa kowane kunne da bakin makulli a hankali. Mai rai zai amsa cikin ampili, matacce zai yi shiru. Ku duba tsirkiyoyin, don tsofaffi da sunka sha zufa da ƙura suna dushe muryar kunne komi kyansa. In mai pil ce, ku buɗe gidan pil ɗin ku ga ko tsatsa ta ci shi, ku kuma gaya ma yaron ya riƙa zare waya in an tashi, in ba haka ba pil na ci gaba da ƙarewa.

Sunan da ke rubuce a kan gita ba shaida ba ne, don kwaikwayo ya yi yawa. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ta hana a cuci mutum. Ɗan kasuwar da ya iya bambanta waɗannan muryoyi ukku zai tambayi mai saye inda zai yi kiɗa kamin ya miƙa mashi gita, kuma ba za a maido mashi kaya bayan biki guda ba.